Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Asibitin Zariya: Jikin Ƙanena Bai Ji Labarin An Sako Shi Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga likitoci, nas-nas, ungozomomi, malaman ɗakin gwaji, masu gashin ƙashi, da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi na unguwanni, tun daga Shika har Ƙofar Gayan, daga Samaru har Wusasa. Ban cire masu kemis ba, don tsakani da Allah su muke fara gani kafin mu zo gare ku.

Bayan gaisuwa da ban gajiyar aiki. Ni tsohuwar malamar makaranta ce, Bayoloji na koyar a makarantun 'yan mata har na yi ritaya, kuma na tabbata cikin masu karanta wannan takarda ba za a rasa wadda na taɓa tsayarwa gaban allo ta zana mini ƙoda ba. To yau malama ce ta kawo ƙara gaban ɗalibanta. Ba faɗa na zo yi ba. Na san layi yakan kai bakin ƙofa tun kafin takwas ta buga, na san abokan karatunku da yawa sun tafi Saudiyya da Ingila sun bar muku aikin mutum uku, na kuma san albashin. Abin da zan roƙa ba ya cin kuɗi, minti biyu yake ci. Amma sai na fara ba ku labarin abin da ya sa na ɗauki biro.

Ƙanena ɗan kasuwa ne, hatsi yake saro wa a kasuwannin ƙauye ya kawo gari. Wata ranar kasuwa aka tare su a hanya, aka yi daji da su. Kwanansa talatin da takwas a hannun mutanen nan. Yadda aka haɗa kuɗi da abin da aka sayar, wannan ba na takarda ba ne. Ranar da ya dawo gidanmu ya cika maƙil, maza a zaure, mata a tsakar gida, ana ta barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Aka kai shi asibiti, aka wanke ƙafafun da suka sha ƙaya da sarƙa, aka yi masa ƙarin ruwa, aka ba shi maganin maleriya. Kafin mako uku rauni ya kame, kumatu sun fara cikowa. Kowa ya ce ai ya warke. Shi ma da bakinsa ya ce mini, "Yaya, komai ya wuce, ƙaddara ce." Kuma har zuciyarsa ya faɗa, don mutum ne mai tawakkali, ban taɓa jin ya ce don me sai ni ba.

Baki ya yarda an sako shi. Jiki ne bai samu labari ba.

Matarsa ce ta fara lura. A zaune yake kwana, ya jingina da bango, fuska na kallon ƙofa, takalmi a ƙafa. In an kawo tuwo sai ya gutsuri rabin malmala ya naɗe a leda ya tura aljihu, bai ma san ya yi ba, sai wajen wanki a tsinta ya yi tsami. In babura uku ko huɗu suka shigo layinmu a jere, kana kallonsa za ka ga zufa ta karyo masa, leɓe ya bushe, ya zabura sai bayi. Daga nan ciwuka suka fara sallama ɗaya bayan ɗaya: tsakiyar kai na zafi kamar an aza garwashi, wani abu na tafiya ƙarƙashin fata kamar kiyashi, wuya ya sage, ƙirji ya riƙe, ciki na murɗawa.

Wata biyar muna yawo da kati. An yi masa maganin taifot sau uku. An ce olsa. An ɗauki hoton ƙirji, an ɗauki na ciki. Ku kun fi ni sanin cewa gwajin taifot na Widal guda ɗaya, a ƙasar da kusan kowa ya taɓa gamuwa da ƙwayar cutar, ba ya yanke hukunci, amma shi muka riƙa biya muna karɓar allura. A duk wuraren da muka shiga, ba a samu wanda ya ɗago kai ya ce, "Me ya same ka kafin ciwon nan ya fara?" ba. Shi kuma ba zai faɗa don kansa ba, namiji ne, kuma an raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ƙarshe wani matashin likita ne mai ladabi, ya duba takardun duka, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ba abin da ke damunka, tunani ne kawai. Ka rage tunani." Muna cikin keke za mu koma gida ƙanena ya yi shiru har muka wuce Agoro, sannan ya ce, "Yaya, wato ƙarya nake yi ke nan?"

Matashin likitan nan ya fi duk waɗanda suka gabace shi kusantar gaskiya, kuma shi ne ya fi ji masa ciwo.

Abin da ke ɗaure mini kai, mu Hausawa ba mu da uzurin raba jiki da zuciya, don harshenmu bai taɓa raba su ba. Ku gwada faɗin tsoro ko damuwa da Hausa ba tare da kun taɓa wata gaɓa ba, ku ga in za ku iya. Gabana ya faɗi. Cikina ya ɗuri ruwa. Hantar cikina ta kaɗa. Gwiwata ta yi sanyi. Tsikar jikina ta tashi. Abu ya tokare mini maƙoshi. Shi kansa baƙin cikin, ai ciki ne ya yi baƙi. Tsohuwar da ta zauna gabanku ta ce, "Ɗan nan, ƙirjina ya yi nauyi tun rasuwar Malam," ba ta yi kuskuren bayani ba, ta miƙo muku ciwon da sanadinsa a numfashi guda. Amma karatun da muka yi, har da wanda ni na koyar, babi-babi aka yanka shi: yau zuciya, gobe huhu, jibi hanji. Ban tuna na taɓa tsayawa na gaya wa 'yan aji inda fargaba take kwana a jikin mutum ba. Laifin nan da ni a ciki.

Ku yi mini afuwa in maimaita darasin da ya kamata in yi tun a lokacin. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta zaune kamar hula, ita ke zubo sinadarin adiranalin cikin jini in mutum ya ga mutuwa ido da ido. Nan take zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, jini ya janye daga hanji ya koma cinyoyi da damatsa, yawu ya ƙafe, naman wuya da na kafaɗa ya ɗaure. Tun 1915 wani masani a Amurka, Walter Cannon, ya bayyana wannan shiri na ko a yi faɗa ko a gudu. Rahama ce, ita ke sa manomi ya daka tsalle tun kafin ya tabbatar maciji ne ko igiya. Sai dai don ɗan lokaci aka yi ta: a tsira, a yi ajiyar zuciya, jiki ya saki. To wanda aka ɗaure sama da wata fa, ba halin faɗa, ba halin gudu, kullum ana ɗana bindiga a kunnensa ana buga wa danginsa waya su ji kukansa? Mai gadin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa, wanda kuke kira amigdala, ya riga ya koyi cewa ba a runtsawa. An dawo gida, an sa sakata, amma ba wanda ya je ya sallami mai gadi. Shi kuwa ba ya jin nasiha. Ƙarar babur yake ji, da warin hayaƙi, da takun mutum ta baya. Kakanninmu sun dunƙule duk wannan a magana ɗaya: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba su ce wawa ne ba, ba su kuma ce imaninsa ne ya yi rauni ba.

Kuma zafin kai da kiyashin nan ba ƙanena ya fara kawo muku su ba. Tun 1960 likita Raymond Prince, da ya yi aiki a asibitin ƙwaƙwalwa na Aro ta Abeokuta, ya rubuta yadda ɗaliban ƙasar nan ke zuwa da zafin kai, da abu mai tafiya a jiki, da dishi-dishin ido in karatu ya yi musu nauyi. Daga baya Farfesa Peter Ebigbo na Inugu ya tattara irin waɗannan koke-koke ya tsara ma'auninsu. Wato an fi shekara sittin da sanin cewa damuwar ɗan Najeriya ta jiki take fitowa. Duk lokacin jarrabawa ɗaliban jami'a na Samaru da na Kongo suna kawo muku ita da ƙafarsu, su koma da Panadol.

Bari in gaya muku inda sauƙi ya fara shigowa, ko da za ku yi mini dariya.

Innarmu ta haura tamanin, ba ta taɓa shiga aji ba. Ba ta taɓa tambayarsa me aka yi masa a daji ba, ko sau ɗaya. Wata rana bayan isha'i ta sa aka ɗora ruwa, ta ce ya zauna kan tabarma, ta tsoma ƙafafunsa a baho, ta ɗauko man kaɗe ta fara matsa masa tafin ƙafa tana 'yan addu'o'inta ƙasa-ƙasa. Da hannunta ya kai idon sawu, inda sarƙa ta zauna, sai ya fizge ƙafar da ƙarfi har ruwa ya fallatsa mata a zane. Ba ta ce komai ba, ta koma kan yatsu. Kashegari ma haka, ba ta sake hawa idon sawun ba sai da shi da kansa ya miƙo. A dare na tara ko na goma ina zaune a bakin ƙofa na ga kafaɗunsa, da suka yi wata biyar a kusa da kunne, sun sauko. Sai jikinsa ya ɗauki rawa kamar mai masassara, haƙora na haɗuwa, sai kuka, irin kukan da rabon da in ji daga bakinsa tun yana ɗan firamare. Matarsa ta miƙe za ta taso maƙwabci a tafi asibiti. Inna ta ce, "Zauna, 'yar nan. Miƙo mini bargo." Ta lulluɓe shi, ta ci gaba da riƙe ƙafar. Da rawar ta lafa ne ya buɗe baki, ba wanda ya tambaye shi, ya ba mu labarin wani yaro da aka haɗa su sarƙa ɗaya, wanda danginsa ba su samu kuɗi ba. Daren nan a kwance ya yi barci.

Ba zan ce muku man kaɗe magani ne ba. Abin da na gani da idona shi ne jerin yadda abin ya zo: jiki ne ya fara samun aminci, sannan magana ta fito. Mu kuwa kullum ta baya muke farawa. Mu zaunar da mutum mu yi ta zuba masa haƙuri da wa'azi, alhali zuciyarsa na dukan tara-tara, ba abin da ke shiga.

Daga baya na tuna hadisin farkon wahayi da ke farkon Bukhari, wanda duk ɗan Islamiyya ya sani. Ba ina kwatanta kowa da fiyayyen halitta ba ne, Allah ya tsare ni. Amma ku dubi abin da Nana Khadija ta yi lokacin da Manzon Allah (SAW) ya sauko daga kogon Hira zuciyarsa na bugawa yana cewa a lulluɓe shi. Lulluɓe shi aka yi har firgicin ya tafi, bayan nan ne ya ba ta labari, bayan nan ne ta yi masa kalaman kwantar da hankali. Haka Nana A'isha, in an yi rasuwa a danginta mata sun watse, takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce ta ji Manzon Allah (SAW) yana cewa tana hutar da zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Kunu, jama'a. Wanda ya yi fushi a tsaye an ce ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Annabi Yakubu kuwa, da girmansa da haƙurinsa mai kyau, Alƙur'ani ya ce idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934, ya yi dogon rubutu a kan yadda jiki da rai suke sarƙe da juna, har ya zargi likitocin zamaninsa da kula da ɗaya su bar ɗaya. Don haka in kuka ce wa mara lafiya, "Baƙin cikin nan ne ya sauka a jikinka," ba baƙon ilimi kuka kawo masa daga Turai ba.

Mutum na biyu da ya taimake mu ɗayarku ce, wata tsohuwar nas a unguwarmu da ta yi aiki a ɓangaren masu taɓin hankali kafin ta ajiye. Ta shigo duba Inna ta tarar abin ya motsa masa, yana haki, yatsunsa sun ƙandare sun lanƙwashe, wata baƙuwa har ta fara a'uziyya tana cewa a kira mai ruƙiyya. Nas ɗin ta durƙusa a gabansa, ba a bayansa ba, ta ce, "A ina kake jin sa? Nuna mini da hannu." Ya dafa ƙirji. Ta ce ya bar hannu ɗaya a nan, ya ɗora ɗaya a ciki, ya ga wanne ke motsi. Na sama ne kaɗai. Ta ce ya ja iska ta hanci tana ƙirga masa huɗu, ya sake ta a hankali ta baki kamar mai hura koko tana ƙirga bakwai. Ta ce ya taka ƙasa da tafin ƙafarsa sosai, ya gaya mata abin da yake gani a ɗakin. Ya ce kalanda. Buta. Agogon bango. Kafin minti goma yatsu sun saki.

Sannan ta yi masa bayanin da ba a taɓa yi masa ba, da Hausar da zai gane. Ta ce in mutum ya yi ta haki yana fitar da iska fiye da kima, jini yakan canza, leɓe da yatsu su ɗauki tsiyaya, kai ya yi jiri, hannu ya ƙandare. Ta ce akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi wuya, ta ratsa zuciya da huhu har hanji, ita ce birkin jiki, kuma duk lokacin da aka fitar da numfashi a hankali ana taka ta ne, bugun zuciya ya ragu. Ta ce masa, "Ciwon nan gaskiya ne, ba ƙarya kake ba, kuma ba haukacewa za ka yi ba. Jikinka ne yake zaton har yanzu kana can." Na ga fuskarsa a lokacin. Wata biyar yana neman wanda zai gaya masa wannan.

Ita ce kuma ta matsa sai ya ga likitan ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Ni mahaukaci ne?" Ta ce, "Wanda ya je wajen likitan ido makaho ne?" Ya je. An ɗora shi kan ƙwaya ɗaya ta tsawon watanni, da zaman tattaunawa da wanda ya san yadda ake komawa kan abin da ya faru kaɗan-kaɗan ba tare da an yaye gyambon gaba ɗaya ba. Na faɗi wannan don kada wani ya karanta wasiƙata ya ce malama ta ce ruwan ɗumi ya wadatar. Bai wadatar ba. Amma da ba don ruwan ɗumin da numfashin ba, da ba zai iya zama kan kujerar likitan na minti talatin ba, ƙofa a rufe.

Sauran aikin ƙafa ce ta yi shi. Bayan sallar asuba shi da wani amininsa su taka daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka su dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, kuma bincike ya sha nuna tafiyar ƙafa tana rage ciwon damuwa. Da damina ta faɗi ya karɓi aron wata 'yar gona a bakin gari, inda ake hango gidaje. Ya gaya mini ranar da ya fara yin huɗa har rana ta take, ya dawo gaɓoɓinsa na ciwon gajiya ba na tsoro ba, ranar ce ya ji yunwa ta gaskiya. Nakan yi tunanin iyayenmu mata da daka da luguden taɓarya da waƙar niƙa, abin da ba ya faɗuwa gaban miji da uwar miji a turmi ake sauke shi. Yanzu inji ya karɓi niƙa, waya ta karɓi hira, mace tana ƙunshe a ɗaki ɗaya da damuwarta daga safe har dare, sai ta zo muku da ciwon jiki.

Kada ku ɗauka duk abin da aka gada nake yabo. A garin nan namu ne, cikin shekarun 1970, Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson suka bi diddigin ciwon zuciyar masu jego, suka danganta yawansa a ƙasar Zazzau da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta da yawan kunun kanwa. Al'adar da ta ba mai jego kwana arba'in na hutu da tausa da hannun uwa, ita ce kuma ta kumbura ƙafafun wasu ta kai su kushewa. Sai an tankaɗe. Haka kuma ban ce ku daina gwaji ba. Ciwon ƙirji yana iya zama zuciya, faɗuwar gaba tana iya zama maƙoƙo ko ƙarancin jini, olsa ta gaske tana nan tana kisa. Ku yi gwajinku. Abin da nake roƙo shi ne in takarda ta fito fes, kada maganar ta ƙare a nan.

Domin in ta ƙare a nan, kun san inda muke zuwa. Farko kemis. Wani yaro a bayan kanta ya ba ƙanena ƙwayar sa barci ta diyazefam a ƙullin leda, ya ce ya sha biyu in barci ya ƙi. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada a ba wanda bala'i bai daɗe da afka masa ba irin waɗannan ƙwayoyi don firgici ko rashin barci. Suna kwantar da mutum, ba sa sallamar mai gadi, kuma jiki na saurin sabawa da su. Yaran da kuke gani suna layi a bakin kwalbati da yamma, ba duka ne suka fara don nishaɗi ba. Bayan kemis sai mai ruƙiyya. Ni ban musa waraka da Alƙur'ani ba, kuma akwai malamai na ƙwarai masu karatu a natse su ce je ka asibiti. Amma akwai masu bulala da shaƙe wuya da turnuƙe mutum da hayaƙi. Jikin da aka yi wata ana duka, a kawo shi a sake duka da sunan magani? Daga can kuma sai gidan mari. Ba mu manta da na Rigasa ta Kaduna ba, watan Satumba 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa. Wasu iyayen da suka kai 'ya'yansu can sun fara bi ta ƙofofinku.

Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane wannan tun 1954, lokacin da ya zaunar da marasa lafiyarsa a ƙauyukan da ke kewaye da Aro, kowa da ɗan'uwansa, suna cin abincin gida, suna aikin hannu, yana kuma zama da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Mu a nan muna da sashen ƙwaƙwalwa a Shika, muna da babban asibitin Barnawa a Kaduna, kuma a farkon 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Buhari kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a duk faɗin ƙasar nan ba su kai 300 ba. Ba za su taɓa ganin kowa ba. Ku za ku gani. Wanda ya fito daga ɓaraguzan Babban Masallacin Zariya a watan Agusta 2023 kuma har yau in ya yi sujada yake jin rufi zai faɗo, ku zai zo wa da ciwon baya. Sojan da ya dawo daga Borno, direban da ya fito da rai daga haɗarin hanyar Kano, matar da ta gama takaba wata huɗu da kwana goma amma hannunta bai daina rawa ba, duk katin ciwon jiki za su yanka.

Akwai waɗanda na fi jin nauyin ambatonsu, kuma dominsu ne na fi son ku karanta wannan. Matan da suka dawo daga daji. Su ba a tambayarsu, ba sa kuma faɗa, kowa ya san dalili. Za ta zo da ciwon mara da ba ya jin magani. Ita taɓawar da ta warkar da ƙanena, a wajenta tana iya zama komawa dajin. Ku ja labule. In da hali mace ta duba ta. Kada a tsaya mata ta baya, kada a ɗaga mata riga ba sallama. Ku ce, "Zan taɓa cikinki, kin yarda? In kin ce in tsaya zan tsaya." In ta sandare a kan gado ta ƙura wa silin ido, ba taurin kai ba ne, kada a daka mata tsawa. Wanda aka ƙwace wa iko da jikinsa, farkon maganinsa a mayar masa da ikon, ko da na cewa a'a ne. Inna ba ta karanta wannan a ko'ina ba, amma da ya fizge ƙafa ba ta sake kamowa ba.

To ga minti biyun da na ce zan roƙa. In mutum ya dawo muku karo na uku da ciwon da gwaji bai gani ba, ku ajiye biro ku dube shi ku ce, "Wani abu ya faru da kai kafin ciwon nan?" In ya yi shiru ku ce, "Yaya barci?" Ta nan suke fara buɗewa. Kalmar "ba abin da ke damunka" kuwa ku haƙura da ita, ku ce, "Gwaji bai nuna cuta mai haɗari ba, amma ciwon da kake ji gaskiya ne, ga yadda tsoro ke kawo shi." Numfashin nan ku nuna masa da hannunku a kan cikinku, ba zai ci ko sisi ba. Masu koyar da aikin lafiya a Shika da Maƙarfi, don Allah ku sa ɗalibai su iya faɗin wannan da Hausa tun kafin su fita. Masu gashi kuma, ku da kuke wuni hannunku a kan wuyan da ya sage da kafaɗar da ta ɗaure, kun fi kowa jin abin da baki bai faɗa ba. Ya kamata a ce akwai 'yar hanya tsakanin ɗakinku da na likitan ƙwaƙwalwa.

Ƙanena ya koma kasuwa, amma a cikin gari, bai sake bin waccan hanya ba. Har yanzu in ya shiga wuri yakan zaɓi inda zai ga ƙofa. Da sallar da ta wuce ɗansa ya matsa sai ya kai shi kallon hawa a Ƙofar Fada. Na so in hana, Inna ta harare ni. Yaron ya ba ni labari da suka dawo: da 'yan bindigar sarki suka saki wuta, Baba ya zauna a gindin wani bango ya dafa cikinsa, ya yi ta hura iska kamar yana shan shayi mai zafi, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Can ya miƙe ya sake ɗora shi a wuya, suka ga wucewar Sarki. Da ƙafa suka dawo gida, ya ci tuwon sallarsa. Daren ranar matarsa ta ce da takalmi ya kwana. Da magariba ta yi kashegari, na ji Inna daga ɗakinta tana cewa a ɗora mata ruwa.

Allah ya ba ku ladan aikinku, ya ƙara wa hannunku albarka.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar malamarku,
Tudun Wada, Zariya.